Gilashin Gaba

Shekara tara ina zubin adashi,
ɗinki bayan ɗinki a shagona na Gangare,
har Alhamis ɗin da aka miƙo mini makulli.
Fara ce, ko ledar kujera ba a cire ba,
gilashinta garau, kamar ruwan da ya kwana a randa.
Ta cikinsa na hango duwatsun Shere
kamar jiya aka dasa su.

Ban kai Terminus ba aka ɗaga mini hannu.
Mai fari da baƙi, suna a ƙirji: Dachung.
Bai dubi taya ba, bai dubi fuskata ba,
gilashin ya ƙare wa kallo, ya girgiza kai:
"Malam, ai motar nan tsirara take."

Tsirara!
Ni da na suturta rabin unguwa,
ni da ba na barci daren sallah
don kada ɗan kowa ya fita da tsohuwar riga.

Litinin na bi layi.
Madam Nanle, tabarau a ƙarshen hanci,
ta ce netwok ya ɗauke, in dawo.
Talata ya dawo, mai hatimi ya tafi jana'iza.
Laraba ruwa ya tsuge tun hantsi,
irin ruwan Jos da ba ya sallama,
muka cure a baranda da takardu cikin riga
kamar kaji a gindin rumbu.

Daga baya suka zo, ɗaya bayan ɗaya.
Ta lasisi.
Ta inshora, alkawarin da ba na fatan a cika.
Ta shaidar lafiya,
ga motar da ko tari ba ta taɓa yi ba.
Sai wata 'yar shuɗiya da har yau ban san aikinta ba,
na dai biya, an ba ni rasit,
mai neman wucewa ba ya musu da mai gada.

Da tef ɗin awo na jera su,
don hannun tela ba ya yarda da karkace.
Na shafe kumfar iska da bayan almakashi.
Da na zauna na ɗaga ido,
gefen Shere ya ɓace a bayan takarda.

Da yamma Saudatu ta dawo makaranta
da tauraro ɗan mitsitsi, ruwan zinariya,
wanda malama ta manna mata a littafin lissafi.
Ta ɓanɓaro shi da farce,
ta hau kujera da gwiwa,
ta danna shi can ƙasa, a karkace.
Na kai hannu zan gyara, na fasa.

Asabar, a Farin Gada, ga Dachung.
Ya bi su da yatsa yana motsa leɓe,
kamar mai bitar karatu,
wannan daidai, wannan ma, wannan,
sai yatsan ya tsaya.
"Wannan kuma wace hukuma ce?"

Daga baya wata murya ta ce,
"Tawa ce. Goma bisa goma na ci."

Ya sunkuyo ya leƙa ta taga.
Bayanmu masu Keke suna ta hon,
mai dankali na ƙwala kiran ciniki.
"To, yaushe za ta ƙare?"
Saudatu ta dube ni, na dubi titi.
Ta ce, "Ba a rubuta ba."

Ya ja da baya, ya gyara hula,
ya sara mata, ba ni ba,
ya buɗe hanya.

Yanzu rana ta fara cin launinsu.
Baɗi war haka zan kankare da reza,
in koma gaban Madam Nanle da sabon haƙuri.
Yaron da ke wanke mini mota a Dilimi
na riga na ja masa kunne:
ya goge ko'ina,
amma ya ɗaga tsumma idan ya zo kusurwar nan.